Murfin Saman Inji Ya Ƙi Tashi: Kimiyyar da ke Cikin Garejin Bakanike

A garejojin makanikai na Gwaram da Birnin Kudu har yanzu akan ga tsohuwar Fijo jefi-jefi, ko dai a-kori-kura mai jigilar buhunan hatsi zuwa kasuwar Sara, ko kuwa ta shiga wadda wani dattijo ya ƙi rabuwa da ita. Irin wannan mota takan zo da ƙorafi guda biyu da suka saba tafiya tare: baƙin mai yana tsatsafowa ta gefen inji, sannan ana jin wani ƙas-ƙas daga samansa idan yana aiki. Maganin duka biyun yana farawa da abu ɗaya, wato ɗage murfin saman inji. Aiki ne da bai kamata ya wuce minti goma ba. Amma sau da yawa bakanike yakan kwance notuna duka, ya kama murfin ya ja, murfin ya ce bai san zance ba, kamar an yi masa walda. A nan ne yaron gareji yakan rarumo sukudireba da guduma, a nan ne kuma maigidansa, in dai gogagge ne, yakan daka masa tsawa.

Maigidan yana da gaskiya, ko da kuwa ba zai iya bayyana dalilinsa da kalmomin aji ba. Dalilin yana cikin darussan kimiyyar da ake koyarwa a makarantun sakandare, kuma wani babban ɓangarensa ya fito ne daga ilimin halittu, inda mai karatu ba zai yi tsammani ba.

Motar da murfinta

An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, kuma ko da Faransa ta daina ƙera ta shiga ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce tasi a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta ratsa Birnin Kudu. Yau kuwa mafi ƙuruciya a cikinsu ta doshi shekara ashirin, wasu sun haura arba'in, kuma kayan gyaransu na asali sai an tona. Wannan shi ya sa ɓarnar da a da ake gyarawa da sayen sabo, yanzu tana iya ajiye mota, ta ajiye sana'ar mai ita.

Injin fetur da aka fi sani a 504 mai silinda huɗu ne, kuma an kwantar da shi a karkace. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne na zubi, amma kansa, wanda makanikai ke kira tof-silinda, na alminiyon ne. A cikin kan akwai bawul takwas, huɗu na shigar da iska da mai, huɗu na fitar da hayaƙi. Abin da ke buɗe su wata sanda ce mai ƙusumbi-ƙusumbi da ake kira kamshaf. A motocin zamani kamshaf yana can sama, daf da murfi. A 504 kuwa yana ƙasa cikin gangar inji, yana tura wasu sanduna sama, su kuma su ɗaga wasu 'yan ƙarafa masu aiki irin na jigon ban-ruwa a fadama: gefe ɗaya ya tashi, ɗayan ya danna bawul. Tsakanin ɗan jigon da kan bawul akwai wata 'yar tazara da ake auna wa da siririn ƙarfe, kashi 10 cikin 100 na milimita a bawul ɗin shiga, kashi 25 a na fita. In ta yi yawa sai a ji ƙas-ƙas, in ta yi kaɗan bawul ya ƙi rufuwa sosai har ya ƙone. Gyaranta shi ne saitin tafet.

Murfin da ake magana a kai shi ke rufe duk waɗannan. Aikinsa kawai ya tsare mai a ciki, ya tsare ƙura a waje. Ba ya ɗaukar wani nauyi, don haka fallen ƙarfe ne marar kauri. Tsakanin leɓensa da fuskar kan inji akwai gasket, wato wani zobe mai laushi da ke toshe duk wata kafa. A tsakiyar murfin 504 kuma akwai ramuka huɗu inda bututun fulogi ke ratsawa, kowanne da zoben robarsa. Ya kamata mai karatu ya riƙe bambancin darajar waɗannan abubuwa uku. Gasket abin yarwa ne. Murfi ana iya samun wani a wurin 'yan gwangwan. Kan inji kuwa shi ne dukiyar.

Abin da ya riƙe murfin

Gasket ɗin murfin tsofaffin motoci iri biyu ne, na kok da na roba, wani lokaci kuma gaurayen biyun. Kok shi ne abin nan mai laushi da ake toshe bakin kwalba da shi. Ɓawon wata bishiya ce da ke fitowa a ƙasashen yankin Bahar Rum, musamman Fotugal, wadda ke samar da kimanin rabin kok na duniya. Ba a fara ɓare bishiyar sai ta kai kamar shekara 25, daga nan kuma sai bayan kowace shekara tara. Ɗalibin ilimin halittu ya san kok ko bai taɓa riƙe shi ba, domin shi ne abin da Robert Hooke ya yanka siriri ya duba a madubin ƙara girman abu a Ingila, ya wallafa abin da ya gani a 1665. Ya ga 'yan ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, kuma daga sunan da ya ba su ne aka samo kalmar da Turawa ke kiran ƙwayar halitta da ita har gobe. Abin da ya gani matattun ƙwayoyi ne, babu komai a cikinsu sai iska, kuma akwai kimanin miliyan 40 a cikin ɗan guntun da bai wuce santimita ɗaya ta kowace fuska ba. Bangonsu yana ɗauke da wani sinadari mai kama da kakin zuma, suberin, wanda ruwa ba ya ratsawa. Shi ne kuma ke cikin fatar dankalin Turawa yana hana shi bushewa. Saboda haka kok tamkar miliyoyin balan-balan ne a manne da juna. A matse shi ya lotsa, a sake shi ya dawo. Wannan dawowar ita ce toshiyar.

Roba kuma asalinta ƙaron wata bishiya ce ta dajin Amazon, wadda ake nomawa a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Ƙwayoyin sinadarinta dogaye ne kamar zare, a cukurkuɗe. Ɗanyar roba takan yi danƙo da zafi, ta sandare da sanyi, sai da Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa dafa ta da farar wuta yana gyara ta, ya yi wa dabarar rajista a 1844. Farar wuta tana ɗaure zaren da zare a wurare kaɗan-kaɗan, kamar ragar masunta, sai robar ta riƙa miƙewa tana komawa. Da yake robar bishiya tana kumbura a cikin mai, ta gasket ta masana'anta ce, irin wadda aka fara haɗawa a Jamus a shekarun 1930, amma tsarin zaren da ɗaurinsa duk ɗaya ne.

To, me shekaru ke yi wa waɗannan? Man inji yana aiki ne a zafin da ya kai digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Selshiyos. Masanin nan na Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana a 1889 yadda zafi ke gaggauta haɗuwar sinadarai, kuma ƙiyasin da aka saba yi shi ne, ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin. Uwar gida ta san wannan ba tare da lissafi ba: miyar da ke kwana lafiya da hunturu, da bazara kafin la'asar ta yi tsami. Idan aka bi ƙiyasin daga digiri 30 zuwa 90, an ninka sau shida ke nan, wato sau 64. Gasket ɗin da zai shekara da shekaru a kan kanta bai canja ba, a kan inji tsufa yake yi a guje, balle a watan Afrilu na kudancin Jigawa, inda zafin inuwa ma yakan taɓa digiri 40.

A cikin wannan zafi iskar oksijin tana ƙara ɗaure zaren roba, ɗauri a kan ɗauri, har ragar ta daina miƙewa. Sinadaran da aka zuba don tausasa ta su kuma suna tsiyayewa cikin mai. Roba ta koma kamar busasshiyar fata. Kok shi ma ɗakunansa sukan rushe saboda matsi, mai ya cike gurbin iska, ya daskare. Kafin su kai ga haka, lokacin da suke da laushi, matsin notuna ya riga ya cusa su cikin kowane ɗan rami na fuskar ƙarfen, domin ƙarfen da ido ke gani sumul, a ƙarƙashin madubi tudu da kwari ne. Sun shiga da laushi, sun taurare a ciki.

Man da kansa yana da nasa hannun. Duk wanda ya lura da gefen tandar waina ko kaskon mai ƙosai ya ga wani baƙin danƙo da sabulu ba ya fitarwa. Man gyaɗa ne da zafi da iska suka haɗa ƙananan ƙwayoyinsa suka zama dogayen zaruruwa, ya tashi daga ruwa ya koma fenti. Man inji ba ya saurin yin haka kamar man gyaɗa, amma yana yi, musamman idan ana jinkirin juye shi. Siririn man da ya shiga tsakanin gasket da ƙarfe yana nan yana dahuwa shekara da shekaru, har ya zama gam.

Sai kuma gam na gaske, wanda bakaniken baya ya shafa. Tsohon yayi shi ne shalak, wani jan ruwa mai kauri. Shi ma daga halitta ya fito: wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne a Indiya da Tailan ke shan ruwan bishiya, yana fitar da ƙaro don ya rufe jikinsa, mutane su kankare su tace. Sabon yayi kuma silikon ne, wanda ke daskarewa idan ya sha laimar iska. Da yawan makanikai sukan lafta gam a fuska biyun gasket don kada mota ta dawo da yoyo a mako mai zuwa. Dabara ce ta kare suna a yau, a bar wa na gobe wahala, kuma sau da yawa na goben shi ne dai wanda ya shafa.

Akwai wani abin mamaki a nan. Murfin da ya manne har ba ya ɗaguwa, shi ne kuma yake yoyo. Bayaninsa yana cikin yadda zafi ke buɗa ƙarfe. Alminiyon yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe. A ɗauka tsawon murfi santimita 50 ne, zafi kuma ya tashi da digiri 70. Ƙarfen murfi zai ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 10 na milimita, alminiyon na kan inji kuwa da kashi 8. Bambancin ya kai kaurin takarda huɗu, kuma yana faruwa duk lokacin da aka tayar da mota aka kashe. Sabon gasket yana lanƙwasa ya bi wannan motsi. Tsoho ba ya iyawa, sai ya tsage a tsakiya nan da can. Mai ya samu hanya ta tsagar, alhali sauran gasket ɗin yana nan daram a manne.

Lissafin ƙarfi

Me ya sa ƙato ba zai iya fizge murfin da hannu ba? A yi lissafi na misali. Murfi mai tsawon santimita 50 da faɗin 20, kewayensa santimita 140 ne. In faɗin gasket santimita ɗaya ne, fuskar da ta manne ta kai murabba'in santimita 140. Ko da gam ɗin mai rauni ne, yana riƙe kilo ɗaya tak a kowane murabba'i, jimla kilo 140 ke nan, fiye da buhun gero. Mai ja sama kai tsaye yana kokawa da dukkan fuskar a lokaci guda.

Amma abin da ya manne ba ya rabuwa gaba ɗaya a lokaci guda. Ta tsaga yake rabuwa. Mai sayar da yadi a kasuwa ba ya kama tsakiyar ƙyalle ya ja. Yakan ɗan tsaga bakinsa da almakashi, sannan ya yage shi cikin sauƙi, saboda duk ƙarfin hannunsa yana taruwa ne a kan zare ɗaya ko biyu da ke ƙarshen tsagar. Wannan ya tsinke, na bayansa ya karɓa. Injiniyan nan na Ingila, A. A. Griffith, ya bayyana wannan da lissafi a 1921 bayan gwaje-gwajen da ya yi da gilashi, kuma a kan bayaninsa aka gina ilimin karyewar abubuwa. Aikin bakanike ke nan: ya samar da 'yar tsaga a wuri ɗaya, ya bi ta a hankali har ta zagaye.

Mai karatu zai ce, ai abin da yaron gareji yake nufi da sukudireba ke nan. Haka ne, tunaninsa daidai ne, makaminsa ne ba daidai ba. Sukudireba mai tsawon santimita 20, in aka cusa bakinsa santimita biyu aka danna, ya zama jigo mai ninka ƙarfi kusan sau goma. Dannawar kilo 20 ta koma kilo 200. Wannan nauyi kuwa yana sauka ne a kan kusurwar bakin sukudireba, wurin da bai wuce murabba'in milimita biyu ba, wato kilo 100 a kan kowanne. Alminiyon irin na kan inji yakan lotsa tun daga kilo 60 zuwa 100. Sakamakon shi ne rami ko ƙarzuwa a daidai fuskar da ake so ta zauna sumul. Ramin da ya ratsa fuskar daga ciki zuwa waje ya zama magudanar mai ta dindindin, kuma alminiyon da ya lotsa yakan tura ɗan tudu a gefen ramin, wanda ke hana sabon gasket kwanciya. A ɗaya gefen kuma leɓen murfin, da yake falle ne, ya lanƙwashe sama. A motocin da murfinsu na zubin alminiyon ne, ba ya ma lanƙwasa, ɓallewa yake yi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Yoyon mai ba ƙazanta ba ce kawai. Direban da ke bin hanyar karkara da lodi ba kullum yake duba ma'aunin mai ba, kuma injin da mansa ya ƙare yana iya bugawa cikin 'yan mintoci. Man da ke ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi kuwa yana iya kamawa da wuta.

Yadda ake ɓamɓare shi

Abu na farko abin dariya ne, amma shi ya fi kama mutane: a tabbata an kwance komai. Datti da baƙin mai sukan binne noti, wani kuma yana ɓoye a ƙarƙashin maƙalin waya ko tiyo. A goge murfin tas, a zagaya shi da yatsa, a cire tiyon numfashin inji, a cire wayoyin fulogi bayan an yi wa kowace alama. Wankin yana da amfani na biyu, domin duk ƙasar da aka bari a gefe cikin inji za ta faɗa idan murfi ya tashi. A motar da ta daɗe a ajiye tana shan ruwan damina, akan tarar da wani farin gari a inda ƙarfe ya haɗu da alminiyon. Tsatsar alminiyon ce, wadda laima ke haddasawa idan ƙarafa biyu mabambanta suka taɓa juna, kuma da yake ta fi ƙarfen da ta ci girma, takan cushe ramin ƙusa. Wurin yana son ɗigon man warware tsatsa da haƙurin jira.

Daga nan sai bugu, amma da katako, kuma ta gefe. A ɗora guntun katako a kusurwar murfi, inda lanƙwasar ƙarfen ta ba shi ƙarfi, a buga katakon da guduma a hankali, a koma wata kusurwar. Katako ya fi ƙarfen laushi, don haka shi ke lotsawa, kuma yana baza bugun a fili mai faɗi. Hikimar bugun tana cikin tsufan gasket ɗin. Ɗanyen ƙaro a jikin bishiyar ɗakwara, in aka ja shi miƙewa yake yi, busasshe kuwa ana ƙwanƙwasa shi sai ya tarwatse. Taurin da ya sa gasket ya maƙale, shi ne kuma ya sa ba ya jure girgiza.

Kunne yana da aiki a nan, kuma mutanen Birnin Kudu suna da misalinsa a bayan gari. A cikin duwatsun da ke ɗauke da zanen shanu na mutanen da, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai wasu faifan dutse da in aka buga su da ƙaramin dutse sukan yi amo kamar ƙararrawa. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana su ga duniya a tsakiyar shekarun 1950, ko da yake mutanen wurin sun riga shi saninsu. Abin da ya sa suke amo shi ne sun rabu da uwar dutsen, suna zaune a kan 'yan wurare kaɗan, don haka suna da sararin karkarwa. Dutsen da ke manne da ƙasa, a buga shi sai a ji dum. Haka murfin inji yake. Muddin yana manne, sautinsa a toshe yake. Kusurwar da ta saki sai muryarta ta buɗe, ta zama ta fanko. Gogaggen bakanike yana jin wannan kafin ido ya ga wata tsaga, kuma daga wannan kusurwa yake farawa.

Idan bugu bai wadatar ba, sai a dubi abin da ya tsatso ta gefen gasket don a gane irin gam ɗin, kamar yadda likita ke gane cuta kafin ya rubuta magani. Ƙa'idar ita ce, kowane abu yana narkewa ne a cikin danginsa. Ƙaro yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a kananzir. Kwalta kuwa akasin haka. Baƙin danƙon tsohon mai dangin kananzir ne da man warware tsatsa. Shalak, mai ja-ja da ƙyalli, ba ruwansa da fetur ko mai, shi ya sa ma ake amfani da shi a inji, amma sifirit yana narkar da shi. Ana ɗiga ruwan da ya dace a bakin haɗin, a bar shi ya shiga da kansa. Siririyar kafa tana jan ruwa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, kuma gwargwadon ƙanƙantar kafar gwargwadon nisan da zai kai, sai dai a hankali yake tafiya. Sa'a guda ba ta yi yawa ba, kwana ma ya fi.

Ɗumi shi ma yana taimakawa, domin shalak da danƙon mai suna laushi da zafi. In motar tana tashi, a mayar da abin da aka cire a bar inji ya yi aiki na 'yan mintoci, har ya yi ɗumin da hannu ke iya jurewa, a kashe, sannan a gwada. Harshen wuta kuwa ko kusa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa inda hanci ba ya kaiwa, kuma kabureta tana nan kusa da murfin.

Silikon shi ne mai taurin kai. Ba ya bushewa balle bugu ya fasa shi, zafin inji ba ya damunsa, kuma kananzir ko sifirit ba sa narkar da shi. Sai yanka. Ana amfani da wuƙa mai faɗi, siririya, marar tsini, ko guntun roba mai tauri da aka fiƙe, a shigar da ita a kwance, ta bi tsakanin gasket da murfi, wato ta saman gasket, yadda in ma za a yi ƙarzuwa, murfin ne zai sha. Zaren roba na masunta ma yana yi, a zarga shi ta kusurwa a riƙa ja kamar zarto. Duk inda ya buɗe sai a cusa ɗan fiƙaƙƙen katako don kada ya koma, a ci gaba. A 504 kada a manta da zoben bututun fulogi guda huɗu, domin sau da yawa gefe ya saki, su ne suke riƙe da tsakiya. Ɗigon mai da ɗan murɗa murfin dama da hagu yana sakin su.

Bayan murfi ya tashi

Da zarar an ɗage murfi, cikin inji ya zama kamar rauni a buɗe. A rufe 'yan jigon da tsumma mai tsabta, a toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa ta cikinsu. Da hunturu abin ya fi muhimmanci. Yawancin ƙurar da ke rufe sararin Jigawa daga Disamba zuwa Fabrairu tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne. A cikinta akwai ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya, waɗanda suka gina jikinsu da sinadarin gilashi, haɗe da garin yashi wanda ya fi yawancin ƙarafan inji tauri. In wannan ya gauraya da mai, ya zama abin wasa wuƙa. Saboda wannan dalili ne ma ba a goge fuskar kan inji da takardar yashi. Ragowar gasket ana jiƙa ta ne a kankare da katako ko roba, ana turawa waje.

Hannu ma yana da haƙƙi. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da sinadaran da ke cikin kunkunniya, dangin waɗanda likitan nan Percivall Pott ya alaƙanta da ciwon daji a jikin masu share bututun hayaƙi a Ingila tun 1775, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna cewa daɗewarsa a fata yana da haɗari. Wanke hannu da fetur, al'adar da ta zama ruwan dare a gareji, yana kwashe maiƙon da ke kare fata, ya bar ta a tsattsage. Sabulu da ruwa sun fi.

Murfin kuma a wanke shi, a kifa shi a kan faifan gilashi, a duba ko leɓen ya kwanta ko'ina. Inda ya tashi ana daidaita shi a kan katako da bugu kaɗan-kaɗan. Saitin tafet sai inji ya huce sarai, domin an ƙayyade tazarar ne a kan ƙarfe mai sanyi, don haka in an ɗumama inji wajen cire murfin, auna bawul sai washegari da safe. Sabon gasket ba ya bukatar gam in fuskokin biyu lafiya suke. In ya zama dole, a shafa siriri a gefen murfi kaɗai, domin silikon da ya yi yawa yakan tsatso ta ciki, ya gutsure, ya je ya toshe rariyar famfon mai. Notuna kuma a ɗaure su bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu ko uku, da ƙaramar sifana, a tsaya da zarar gasket ya ɗan lotsa. Bayan motar ta yi tafiyar kwana biyu ko uku, a sake taɓa su da sifana, saboda sabon kok yakan ɗan zauna.